Ranar da Na Ɗora Suna a Kan Ta'aziyya

Akwai labarin da kuka daɗe kuna ji a gidan nan, wai wata mai shagon kwamfuta ta taɓa ja mini abin kunya a ƙungiyarmu. Ke Bilkisu har ƙin kai mata katin bikin ƙanwarki kika yi, kika ce ba za ta ci ko sisinmu ba. Kai kuma Sadiku, da idona na ga ta gaishe ka a bakin Kasuwar Muda Lawal ka kau da kai. Duk don ni kuka yi, na sani, Allah ya yi muku albarka. Amma labarin nan ƙarya ne, kuma ni na yi ta. Ku zauna ku karanta, kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe.

Sai kun san wace ce ni a ofis kafin ku gane yadda abin ya faru. Shekara talatin da biyar na yi ina buga tafireta a ma'aikatar gwamnati. Talatu Ba-Gyara ake kirana, don in na ajiye wa oga takarda ba ya ko karantawa, hannu kawai yake sawa. Yaran da aka turo mini koyon aiki kuwa sun sha wuya a hannuna. Harafi ɗaya in ya kauce sai in yage takardar a gaban yarinya, in ce ta koma gidan ubanta ta koyi daka, tunda yatsunta na taɓarya ne. Ban taɓa ba kowa haƙuri a kan aiki ba, kuma ina alfahari da haka. Sirrin saurina kuwa ɗaya ne: ba na fara takarda daga farko. Ko ta ƙarin girma ce ko ta canjin wurin aiki, sai in jawo tsohon fayil, in ɗauki wadda ta yi kyau, in bi ta layi-layi, in canza suna da kwanan wata. Da kwamfuta ta shigo ofis dab da ritayata ma haka na ci gaba. In buɗe tsohuwar wasiƙa, in goge sunan mutum, in sa na wani, in buga. Babu wanda ya taɓa cutuwa, don ta farkon ta riga ta tafi hannun mai ita.

Bayan na bar aiki sai na ga rana ta yi tsawo. Ku duk kun watse, daga ni sai Babanku da rediyonsa. Abin da ya rage mini shi ne ƙungiyarmu ta matan da suka yi ritaya daga aikin gwamnati, inda nake sakatariya. Shugabarmu Hajiya Gambo ce, tsohuwar darakta, mai gida a GRA, mace ce da in ta yi magana ba a ƙarawa. Ita ta kawo shawarar a buɗe mana shafi a intanet, tunda 'ya'yanmu sun bazu a duniya, a riƙa sa sanarwar biki da suna da rasuwa kowa ya gani daga inda yake. Aka ba Madam Ngozi aikin. Iyayenta daga kudu suka zo, amma ita a Bauchin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta jikokina. Shagonta yana bakin kasuwa, can muke buga kalanda da katin biki da takardun taro. Ta haɗa shafin, sannan aka ce ta koya wa sakatariya yadda za ta riƙa zuba labari da kanta.

Ranar farko ta zaunar da ni a gaban kwamfuta, ta ce:

"Mama, ki ɗauka shago ne. Akwai gaba, inda kowa ke tsayawa ya ga kaya. Akwai baya, inda mai shago ke shiryawa. Wannan manhajar ita ce bayan shago. Kin ga ba sai kin iya aikin injiniya ba. Ki shiga da sunanki da kalmar sirri, ki rubuta, ki sa hoto, ki danna, shi ke nan ya fito gaba."

Na ce, "Ke yarinya, ina buga takardar kwamishina tun uwarki na goye da ke. Nuna mini madannan kawai."

Ta yi dariya ta nuna mini. Wallahi rubutun bai ba ni wahala ba, yatsuna har lokacin suna gudu. Hoto ne ya zame mini bala'i. In sa shi ya tafi gefe, in jawo shi ya kumbura ya cika shafi, in rage shi ya cinye kan mutum. Sau uku ina komawa shagon nan da tambaya ɗaya, kuma duk ukun ta bar masu jiran aiki ta zauna da ni. A na ukun wani mai jiran fotokwafi ya ce, "Hajiya, a bar wa yara abin nan mana." Na bi shi da harara har ya fita, amma maganar ta zauna mini. Ngozi ta ɗauko ɗan littafi ta rubuta mini matakan da hannunta, ɗaya bayan ɗaya. Na karɓa na jefa a jaka ban ko buɗe ba. Ni za a rubuta wa yadda ake aikin takarda?

Sanarwa ta farko da aka sa a shafin ta rasuwa ce, kuma Ngozi ce ta shirya ta ina kallo. Kun san Dije, wadda ta yi shara a ofishinmu shekara da shekaru, ta koma Miri da zama. Ɗanta namiji ɗaya, Kabiru, shi ne ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jos. Shafin nan ya yi kyau: Bisimilla a sama, hotonsa daidai tsakiya cikin farar hula, rubutu a ƙasa, sai wurin da mutane ke barin saƙo. Abokan Kabiru na makaranta da na wurin aiki suka yi ta rubuta ta'aziyya, sun fi arba'in. Dije ba ta iya karatun boko ba, amma 'yarta ta ajiye mata shafin a waya. Duk Juma'a da safe sai ta ce a buɗe mata, ta kalli hoton, a karanta mata saƙonnin tun daga na farko. Ita da bakinta ta gaya mini haka, ta ce ba ta san ɗanta yana da mutane haka ba sai da ya tafi.

Wata biyar bayan haka aka yi wa Hajiya Gambo jika, namiji. Uban jaririn, ɗanta, yana karatu a ƙasar waje, bai ma ga yaron ba sai a hoto. Ranar Alhamis da hantsi ta turo mini hoton ta ce in sa sanarwar suna, Asabar za a yi. Na buɗe 'yar kwamfutata ta hannu a tsakar gida, na danna wurin sabon shafi, na ga fili fari fes, kuma na san sarai hoton nan zai sake gudu gefe. Na tuna mai fotokwafi. Sai hannuna ya yi abin da ya saba yi shekara talatin da biyar. Na shiga jerin tsofaffin shafuka na nemi wanda ya fi kyau, na Kabiru ke nan, na danna gyara. Na cire hotonsa na sa na jariri, ya zauna daram a tsakiya. Na goge Innalillahi na sa Alhamdulillahi, na canza sauran, na karanta sau biyu, babu harafin da ya kauce. Na danna. A raina kwafi na ɗauka, na Kabiru yana nan a inda yake. Har na ce wa Babanku, "Malam, zo ka ga aikin da ba a je shago ba." Na tura wa Hajiya adireshin shafin, ita kuma ta watsa shi wa dangi a waya.

Abin da ban sani ba, daga bayan shago ba a ganin saƙonnin mutane. Suna nan manne a ƙasan shafin, ko me ka canza a sama.

Ana kiran la'asar wayata ta yi ƙara. Hajiya Gambo ce.

"Talatu, wane ɗan iskan ne ya yi mana wannan? Yarona ya kira matarsa yana kuka, wai me ya sa aka ɓoye masa. Yarinya tana jego ta zube a ƙasa! Buɗe ki gani!"

Na buɗe ta gaba, yadda kowa ke gani. Ga jariri a cikin farin zane, idonsa a rufe yana barci. Na ja ƙasa. Allah ya jiƙansa. Allah ya ba mahaifiyarsa haƙuri. Allah ya sa ya huta. Ɗaya bayan ɗaya har arba'in da wani abu. Na nemi shafin Kabiru sama da ƙasa, babu shi, don shi ne wannan ɗin. Ban san yadda ake mayarwa ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in hau acaba in tafi shago, minti goma ne. Ni kuwa sai na kashe kwamfutar, na naɗe ta da zanen gado, na tura ƙarƙashin katifa, kamar yaron da ya fasa kwano. Babanku yana zaune a kan tabarma yana kallona. Na kashe wayata.

Saboda haka shafin ya kwana a haka. Da safe, Juma'a, 'yar Dije ta buɗe wa uwarta kamar kullum, suka ga jaririn wasu a inda Kabiru yake. Sai wajen ƙarfe sha ɗaya Hajiya Gambo ta aika direbanta shagon Ngozi. An ce minti biyar ba ta yi ba ta dawo da Kabiru yadda yake, ta buɗe wa jariri nasa daban.

Ranar Lahadi, bayan an sha suna, aka kira taro a falon Hajiya. Mun kai mu ashirin. Aka kira Ngozi, ta zo daga coci kai tsaye da ɗankwalinta mai ƙyalli, ta zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Dije ma ta zo tun daga Miri a kan acaba, idanunta sun kumbura. Hajiya ta ce mutum biyu ne kaɗai ke iya shiga bayan shafin nan, don haka tana son ta ji daga bakinmu. Ta fara da ni. Ina jin idanun matan nan a kaina, rabinsu na taɓa yage musu takarda.

Na ce, "Hajiya, kin san aikina. Ni rubutuna na shirya yadda aka koya mini. Yadda aka yi ya hau kan na Kabiru, sai a tambayi wadda ta haɗa abin. Ita ke da babban mabuɗin shafin, ita ke shiga ta taɓa nan ta taɓa can."

Ban yi in'ina ba. Abin da ya fi ba ni kunya har yau ke nan, yadda maganar ta fito sumul. Ngozi ta ɗago ta dube ni. Ba harara ba ce, kallo ne kawai, ya ɗan daɗe. Sannan ta juya ga Hajiya.

"Ku yi haƙuri, iyayena. Ni na haɗa shafin, ni na koyar. Duk abin da ya faru a kansa yana wuyana."

Nan Dije ta miƙe. Mace ce da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ko lokacin da ake hana ta hutun shekara. Ta nuna Ngozi da yatsa.

"Abu ɗaya ya rage mini na yaron nan, shi ma sai da aka ɗauke. Na ɗauka na sake rasa shi. Allah ya isa tsakanina da wadda ta yi mini wannan!"

Ngozi ta sunkuyar da kai. Ni kuma na ce amin tare da sauran, da ƙarfi ma.

A ranar aka yanke cewa ƙungiya ta daina kai mata aiki, kuma a karɓi babban mabuɗin a ba ni. Wata ta ce, "Da ma tun farko Ba-Gyara aka bar wa." Kun san matan ƙungiya, kowace tana da 'ya'ya da jikoki da maƙwabta. Katin biki, kalandar makarantar Islamiyya, takardun walima, duk suka koma wani shagon. Labari ya zaga cewa mai shagon nan ta yi wa jikan darakta fatan mutuwa, wasu har suka sa addini a ciki. Na ji da kunnena, ban ƙaryata ba.

Da na dawo gida ranar, Babanku yana gyara eriyar rediyo. Bai ɗago ba ya ce:

"An gama shari'ar?"

Na ce an gama, laifin yarinyar ne.

"To. Ita ce ta zo ta tura kwamfutar ƙarƙashin katifa ke nan."

Na hau shi da faɗa. Na ce shi da ko saƙon waya bai iya turawa ba, me ya sani a kan intanet? Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce:

"Ni ban san intanet ba, Talatu. Amma an ce Dije ta yi Allah ya isa. Ita ba ta san wa ta yi wa ba. Wanda ta kai wa ƙarar ya sani."

Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni ma ban sake ba.

Yanzu ga shafi a hannuna, ga shi babu wanda zan tambaya. Dole na zazzage jaka na nemo ɗan littafin nan. A shafin farko, da jan biro, an ja layi biyu a ƙarƙashi, ta rubuta: "Kowace sanarwa, sabon shafi. Kada a gyara tsoho." Tun wata biyar yana cikin jakata tare da goro da carbi. Da littafin nan na koyi komai: yadda ake daidaita hoto, yadda ake duba shafi ta gaba kafin a sake shi, yadda ake raba sanarwar biki da ta rasuwa kowace a rukuninta. Na ƙware har wasu ƙungiyoyi suna aiko mini da sakatarorinsu. Ana yabona ina karɓa, alhali rubutun hannun matar da na kayar nake bi.

Shekara huɗu aka yi a haka. A ciki Dije ta rasu, ni na shirya sanarwarta, na sa hoton a tsakiya. Wata rana da safe ina gyara wata sanarwa sai na lura da wani ɗan rubutu a gefe da ban taɓa dannawa ba. Na danna. Ashe manhajar nan tana ajiye tarihin kowane shafi: wanda ya taɓa shi, ranar da ya taɓa, ƙarfe nawa, da abin da ya canza. Na nemo shafin Kabiru. Layi uku ne kacal. Na farko Ngozi, ranar da ta shirya shi. Na biyu Talatu, Alhamis, ƙarfe sha ɗaya da minti goma sha biyu. Na uku Ngozi, Juma'a, ta mayar da shi. Ta nan ta bi ta dawo da Kabiru. Wato ranar da ta zauna a bakin ƙofar falon nan, ta riga ta ga sunana kwana biyu da suka wuce, kuma wayar da za ta nuna wa kowa tana cikin jakarta.

Ban ko ci abinci ba na ɗauki mayafi. Shagon bakin titi ya zama na masu sayar da atamfa. Aka kwatanta mini wani ɗan lungu ta bayan masu hatsi, inji ɗaya, benci ɗaya. Tana ganina ta miƙe ta share mini bencin.

"Mama! Sannu da zuwa. Ya ƙafa? Ya su Anti Bilkisu?"

Na ce, "Na ga layukan nan uku."

Ta ce, "Ai kin ƙware ke nan, tunda kin kai can."

"Me ya hana ki nunawa?"

"Na so in nuna, Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Hannuna yana kan jakar. Sai na tuna yadda kike zuwa shago tun ban buɗe ba, kina jirana a kan dakali da kwamfuta a cinya. Na ce ni ina da miji, ina da yara, ina da sana'a. Ke kuma sunan nan ne kaɗai ya rage miki. Na ɗauka kwana biyu za ki huce ki je ki gaya musu da kanki." Ta ɗan yi murmushi. "Na jira dai."

A duk rayuwata ban taɓa durƙusa wa sa'ar 'yar cikina ba sai ranar, a kan simintin da ya sha tawada. Ta kama ni tana cewa haba Mama, tashi, mutane na gani. Ta ce ta yafe tun tuni. Na yi mata alkawarin zan faɗa a taro na gaba. Taron ya zo, na buɗe baki, na karanta bayanin taron baya na zauna. Na gaba ma haka. Ina wannan jan ƙafar Hajiya Gambo ta kwanta ciwo, ba ta tashi ba. Dije ta tafi tana ganin Ngozi ce, Hajiya ma haka. Waɗannan biyun ba ni da yadda zan gyara, sai dai mu haɗu a can.

Saura ku, da matan ƙungiya da suka rage. Wannan labarin na karanta shi a taron watan jiya, a tsaye, da bakina, ban tsallake layi ba. Babu wadda ta kira ni Ba-Gyara da aka tashi, kuma daidai ne. Na kuma sa shi a shafin ƙungiya, sabon shafi na buɗe masa, da cikakken sunana a ƙasa.

Bilkisu, Sadiku, shagon yana bayan masu hatsi, lungu na biyu a hannun dama, ƙofa shuɗiya. Ku je tare. Kada ku kai mata aiki don ku wanke kanku, ku fara gaishe ta tukuna yadda ake gaida babba. In ta ce muku ba komai, kada ku yarda. Ku ce mata uwarku ta faɗa, a makare, kuma amin ɗin da ta yi ranar nan ta san a kan wa ya sauka.